Na hau Burj Khalifa, gwiwoyina sai rawa

Jama'a ni da na tashi a Katsina ina ganin hasumiyar Gobarau ce ƙarshen tsayi, sai ga ni a hawa na 124 na Burj Khalifa. Sarin kaya ya kai mu Dubai ni da yayana, ana gobe za mu dawo ya ce wallahi sai mun hau, ni kuwa dama tsoron sama gare ni.

Ta cikin Dubai Mall ake shiga, kuma gara mutum ya yanki tikiti ta intanet tun da wuri don na wajen faɗuwar rana ya fi tsada, mu na safe muka saya. Lif ɗin nan kamar minti ɗaya kawai ya yi da mu, kunnena ya toshe irin na cikin jirgi sai da na yi ta haɗiyar miyau. Ginin mita 828 ne, a 2010 aka buɗe shi.

Da na leƙa ta gilashi motoci kamar tururuwa, dogayen benayen da muke ɗaga kai muna kallo jiya duk sun koma ƙasa da mu, ga teku gefe guda ga sahara can nesa cikin hazo kamar hunturun gida. Yaya ya ce "kai matso nan waje ka sha iska", na ce "Yaya bar ni, daga nan ma ina gani", hannuna riƙe da ƙarfe gam har ya yi gumi.

Kuɗin da zafi in ka lissafa da naira, amma ban yi nadama ba. Hajiyarmu da na tura mata hoto cewa ta yi in sauko maza.