'Yan rakiyar baƙi a Sakkwato: ina suka cancanci kuɗinsu, ina suka gaza?

A kewayen Fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu ba a rasa mutanen da za su tare baƙo su ce za su zaga da shi. Ba su da ofis, ba su ba da rasit, kuma farashi sai yadda aka daidaita. Wanda ke son tattaki mai sauƙi, na awa biyu ko uku, wanda zai haɗa motsa jini da ganin wuraren tarihi, yawanci hannunsu yake faɗawa. A taƙaice, a kan sanin lungu da ladabin shiga wuri kuɗinsu halal ne. A kan shekaru da sunayen tarihi sai an tace. A bakin gulbi kuwa ɗan rakiyar cikin gari ba shi ne mutumin ba.

Hanyar cikin gari ita ce mafi sauƙi, ko dattijo zai iya. Ana farawa daga ƙofar fada, a leƙa Masallacin Bello, a bi lunguna zuwa Masallacin Shehu, a ƙare a Hubbare. Tafiyar kanta ba ta cin awa ɗaya, tsaye-tsaye da gaisuwa ne ke ja ta zuwa biyu ko uku. A fita da ƙarfe shida da rabi na safe. Ranar Juma'a cunkoso yana hana sakewa tun kafin azahar, don haka mai son kallo a natse ya zaɓi wata rana.

A nan ɗan rakiya nagari yake nuna amfaninsa. Shi zai yi gaba ya gaisa da masu kula da Hubbare, ya nuna inda ake tuɓe takalmi, ya faɗa wa mata ta inda za su bi, ya ce nan ana ɗaukar hoto nan kuma a mayar da waya aljihu. Baƙon da ya shiga shi kaɗai yakan yi kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan, kuma wuri ne da mutane ke zuwa ziyara da addu'a, ba wurin wasa ba. Abu biyu da yawancinsu ba su faɗa sai an iso: a zo da safa mai kauri, domin daga ƙarfe goma sha ɗaya ƙasa da siminti suna gasa tafin ƙafa, sannan a zo da canji ƙanana. Masu neman sadaka suna da yawa, kuma wanda ya fito da babbar takarda a tsakiyarsu ya jawo wa kansa rububi.

Matsalar tana wajen bayani. Wasu sun iya, sun tashi a gidajen ilimi. Wasu kuwa abin da suka ji ne suke maimaitawa, har da ƙari don baƙo ya ji daɗi. Ga ma'auni: Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya dawo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance kusa da mahaifinta. Shi kuwa Bello ba a Hubbaren Shehu yake ba, kabarinsa yana Wurno, inda ya rasu a 1837. Kafin a daidaita kuɗi a tambayi mutum, "Malam, ina kabarin Sarkin Musulmi Bello?" In ya nuna cikin Hubbare, to a ɗauke shi don hanya kawai, tarihin a nema a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda ake ajiye rubuce-rubuce da tsofaffin kayan tarihi. A ranar aiki ake zuwa can, kuma gara a hau kabu-kabu ko keke napep maimakon a ƙara tafiyar ƙafa bayan rana ta ɗaga.

Haka nan duk wanda ya yi alkawarin zagaya ganuwa da baƙo, a rage masa buri. Gari ya cinye ganuwar. Abin da ya rage shi ne ƙofofi da sunayensu, irin su Ƙofar Marke, Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku, kuma tsakaninsu titi ne mai motoci da ƙura, ba hanyar shan iska ba. Wajen Giginya ma, inda aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris 1903, yanzu cikin gari yake.

Tattakin da ya fi daɗi shi ne na bakin gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, a kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, kilomita uku zuwa huɗu a je a dawo sun isa, wato kamar awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma ɗan rakiyar fada bai san fadama ba. A nemi manomi ko masunci na wurin, ta hannun mai unguwa in da hali. Shi ya san inda laka ke da ɓawon busasshe a sama da taɓo a ƙasa, wanda ke haɗiye takalmi har idon sawu. Shi zai bi da mutum ta kan iyakar gona, ba ta cikin fangalin albasa ko na shinkafa ba, kuma ba za a taka tiyon injin ban-ruwa a ja rigima ba.

Lokacin tattakin bakin gulbi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa yana malala a fadama, a bar ta. A 2010 ambaliya ta yanke hanyar jami'ar baki ɗaya, wannan ya isa nuna ƙarfin gulbin. Bayan damina kuma ƙarangiya ce sarauniya: silifa ba ta da amfani, wandon ulu da safar gashi suna kwashe ta. Kambas mai rufi ko takalmin roba irin na makiyaya, da wando mai santsi, su ne daidai. Kada a shiga ruwan da ya kwanta don wanke ƙafa, nan ake ɗaukar tsargiya. In mai kwalekwale ya yi tayin ƙetarawa, a duba yawan mutane da buhunan da ya ɗora, in bakin jirgin ya kusa shan ruwa a jira sawu na gaba.

Babu ɗan rakiyar da ke kawo ruwan sha, wannan nauyin baƙo ne. A lissafa rabin lita a kowace awa ga mutum ɗaya, wato ledar fiya wata ɗaya, a ninka ta a watannin Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Gaskiya a waɗannan watanni in ba a gama kafin ƙarfe tara ba, gara a fasa. Wanda jiri ya kama ko kansa ya fara sarawa, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Batun kuɗi a gama shi kafin a ɗaga ƙafa. A fayyace ko na kai ɗaya ne ko na ayari duka, wa zai biya abin hawa, kuma ko abin da za a miƙa wa masu kula da wuri yana ciki. Rashin wannan ne ke kawo musu a ƙarshe. A ba da rabi a farko, rabi bayan an dawo.

Wasu za su yi tayin Wurno, ko Degel a ƙasar Gwadabawa inda Shehu ya zauna kafin hijirar 1804, ko kufan Surame, birnin Kanta na Kabi mai ganuwar dutse, wajen Binji. Duk wurare ne masu daraja, amma ba tattakin safiya ba ne, tafiyar mota ce ta yini. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi gabashi da arewacin jihar. Maganar ɗan rakiya cewa "hanya lafiya lau" ba ta wadatar ba, domin shi ciniki yake nema. A tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, da wani ɗan garin da aka sani, a tafi da hantsi, a juyo kafin la'asar. Surame kuma ko da an samu lafiyar hanya, daji ne da duwatsu da ƙaya, ba ta yara da tsofaffi ba ce.