Masu Hilux, ku yi hattara da mai tallar faifan birki a Facebook

Assalamu alaikum. Wannan na masu shiga daji da hawa dutse ne, musamman masu bin hanyar Gembu irina. Akwai wani da ke tallar faifan birki da fad (abin da ke matse faifan in an taka birki) a Facebook, ya ce na musamman ne daga Turai, masu huji-huji, wai ba sa ɗaukar zafi. Ba zan kama suna ba, shafin ma ya sake masa suna tun bayan da na saya. Kuɗinsa bai kai rabin na kasuwa ba. Yakan ja mutum zuwa WhatsApp, ya ce a tura kuɗi duka, kaya su zo ta motar tasha.

Tun a hirarmu ya kamata in farga. Cewa ya yi zai haɗa mini faifai huɗu, gaba da baya, alhali irin tawa Hilux ɗin dirom ne a bayanta, ba faifai ba. Wanda ya san mota ba zai yi wannan kuskure ba. Amma araha ta rufe mini ido, na ce ya turo na gaba kawai.

Kwali tsaf, da sunan Brembo a jiki, kamfanin Italiya da ba ruwansa da wannan aika-aika. Aka ɗaura. Cikin gari lafiya lau. Sai ranar da nake gangarowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe da kaya a baya. Wanda ya san wannan gangara ya san ba a wasa da ita. Sitiyari ya fara rawa, ga wari kamar ana ƙona roba, in na taka birki sai ƙafata ta yi ta nutsewa. Da giya ta ɗaya na lallaɓa har ƙasa, ina ta salati.

Da makanikena ya kwance taya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ai tsohon faifai ne aka yi wa wanka." An sassaƙe fuskarsa a inji, aka huda shi, aka fesa fenti. Kowane faifan kirki yana da rubutu a gefensa ko a tsakiya, MIN TH da lamba, wato kaurin da idan ya gaza shi sai a jefar. Wannan an goge wurin sumul. Siririn faifai ba ya iya shanye zafi, shi ya sa ya lanƙwashe. Uku daga cikin hujin har sun fara tsagewa. Fad ɗin kuwa ɗaya ya soma ɓallewa daga ƙarfen bayansa, kuma babu tambarin nan na E cikin da'ira da 90R da ake bugawa a fad ɗin da ya cika ƙa'idar Turai.

Ko da na gaskiya ne ma, mai huji ba na aikinmu ba ne. Taɓo da tsakuwa suna cika ramukan su cinye fad, kuma daga bakin huji tsagewa take farawa. Mai shiga laka ya fi dacewa da faifai sumul ko mai ɗan tsagi a fuska. Man birkin ma da laifinsa, don ya daɗe ya sha ruwa. Sabon man birki samfurin DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, DOT 3 kuma 205, tsoho kuwa tun kafin nan yake tafasa. Na juye na zuba sabo.

Na tura wa mai tallar hotuna. Ya karanta, ya toshe ni.

Duk wanda ya riga ya ɗaura kayan mutumin nan, kada ya jira gangara. A cire taya yau, a nemi lambar nan a jikin faifan, a auna kaurinsa da ma'auni, a duba bakin kowane huji da tocila.