Fayil ɗin .env ko saitunan sabar: ina ya kamata makullin Paystack ya zauna?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka a zaure. Ka ce ka gama manhajarka ta Laravel (tsarin gina manhajar intanet da yaren PHP), kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, duk suna cikin .env, fayil ɗin da ake rubuta saitunan manhaja a ciki, kana son ka san ko ka ɗora fayil ɗin a sabar yadda yake, ko ka zuba saitunan a shafin kamfanin da zai ba ka masauki.

Hanyoyin biyu wuri ɗaya suke kaiwa. Manhaja tana tashi, ta tambayi muhallin da take gudu a ciki, ya miƙa mata DB_PASSWORD da sauransu. Abin da ya raba su shi ne inda sirrin yake kwana da kuma wanda hannunsa zai iya kaiwa gare shi. Tun 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, kamfanin ba manhajoji masauki, ya fitar da ƙa'idoji 12 na gina manhaja, ta ukunsu ita ce a raba saituna da kod. Ma'aunin da ya bayar yana da kyau: in aka ce yanzu ka buɗe kod ɗinka ga kowa, akwai sirrin da zai fita? Fayil ɗin .env daga baya ya zo, ta dotenv, wani ɗan kod na yaren Ruby, a 2012, don a sauƙaƙa wa mai rubuta manhaja aiki a kwamfutarsa. PHP da Python da Node suka bi sahu, har Node ya fara karanta shi da kansa daga siga ta 20.6 a 2023.

A kwamfutarka babu abin da ya kai .env daɗi. Layi ɗaya suna ɗaya, ka gyara ka sake kunnawa, ko data ba ka buƙata. Ka ajiye .env.example mai sunaye babu sirri, duk wanda ya shigo aikin ya kwafa ya cike nasa. Makullin gwaji na Paystack, mai farawa da sk_test_, nan ne gidansa.

Amma fayil ne na rubutu tsura, ba a kulle shi da komai ba, kuma ta ƙofa biyu yake yawan fita. Ta farko Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod: a manta ba a sa shi cikin .gitignore ba, wato jerin fayilolin da Git zai ƙyale, a tura shi GitHub, shafin da ake ɗora kod. Goge shi daga baya ba ya magani, domin yana nan cikin tarihin aikin. Ta biyu ita ta fi damuna, saboda yawancinmu masauki mai araha da ake sarrafawa ta shafin cPanel muke saya. Mutum ya juye dukkan foldar Laravel cikin public_html, foldar da sabar ke nuna wa kowa, alhali foldar public kaɗai ya kamata duniya ta gani. Daga nan duk wanda ya rubuta adireshin shafin ya ƙara /.env a ƙarshe zai iya karanta komai. Kada ka ce wa ya san da ɗan shafinka, injuna ne suke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana. A Agusta 2024 masu bincike na Unit 42 a kamfanin Palo Alto Networks sun ba da rahoton wasu ɓarayi da suka kwashi irin waɗannan fayiloli daga adireshin shafuka wajen 110,000, suka shiga ma'ajiyar mutane ta AWS, wato sabobin haya na kamfanin Amazon, da makullan da suka samu, suka kwashe bayanai suka nemi kuɗin fansa.

Saitunan sabar, irin na Heroku da Render da Vercel, sun toshe waɗannan ƙofofi biyu, tunda babu fayil ɗin da za a tura Git ko a buɗe ta burauza. Kana kuma iya ba wurin gwaji makullinsa, wurin aiki na gaske nasa. Nasu ciwon daban ne. Duk wanda ke da izinin shiga asusun yana iya kaiwa gare su, kuma da sauƙi ka ƙara sabon suna a kwamfutarka ka manta ba ka ƙara shi can ba, manhaja ta faɗi. A Vercel ma sai ka sake ɗora manhajar kafin canjin ya kama. Akwai mataki na sama da wannan, irin su HashiCorp Vault da AWS Secrets Manager, manhajojin ajiye sirri. Na AWS ɗin ana biyan santi 40 na dala kan kowane sirri a wata. Suna rubuta wanda ya karanta sirri, suna iya sauya shi da kansu. Ga mutum ɗaya da shagon intanet ɗaya, ni ban ga buƙatarsu ba tukuna.

Akwai abin da ko wacce ka ɗauka ba za ta kare ka daga shi ba. In ka bar APP_DEBUG, saitin da ke nuna cikakken bayanin kuskure, a kunne (true), shafin kuskure zai iya tona abin da bai kamata ba. Duk sunan da ya fara da VITE_ ko NEXT_PUBLIC_ ana cusa shi cikin kod ɗin da ke sauka a burauzar mai ziyara, don haka makullin Paystack na fili, mai farawa da pk_live_, kaɗai ya dace da wurin, na sirri mai farawa da sk_live_ ko kusa. Kuma tunda Laravel kake, da zarar ka gudanar da php artisan config:cache, ba a ƙara karanta .env, saboda haka kada ka kira env() a ko'ina sai cikin foldar config.

Shawarata, in masaukinka yana da shafin saituna, zuba su can, ka bar .env a kwamfutarka. In cPanel ne, yi amfani da .env ɗin, amma ka ajiye manhajar a wajen public_html, ka sa izinin fayil ɗin ya zama 600, wato asusunka na sabar kaɗai zai iya karanta shi da gyara shi, sannan ka gwada buɗe /.env da wayarka ka tabbata an hana ka. In kuwa ka taɓa tura shi GitHub ko sau ɗaya, shiga asusunka na Paystack yau ka sabunta makullin, ka canja kalmar sirrin rumbun bayanan, kafin ka ɗora manhajar.