Wane ƙamus za ka saya don dogon Turanci?

Mu Hausawa idan muka ce "dogon Turanci" ba yabo muke yi ba, muna nufin an cika mu da surutu an hana mu abin da muka zo nema. Amma yaron da zai zauna jarrabawar WAEC ko JAMB ba shi da damar yin tsaki ya wuce. Za a ajiye masa kalma mai haruffa 14 a ce ya zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. To ga kuɗi a hannun uba ko yaya, ga shagon littattafai, sai me za a ɗauko?

Kafin a taɓa aljihu, akwai abu ɗaya da ya kamata a gane. Dogayen kalmomin Turanci yawancinsu haɗe-haɗe ne, daga Latin da Girkanci aka tsinto guntayen aka ɗinke. Mu ma muna da irin wannan: wanda ya san aikin "ma" a farkon makaranta da mahauta da majema, in ya ji masaƙa ba sai an fassara masa ba. Haka cracy take a ƙarshen kalma, daga Girkanci ta zo, tana nufin mulki. Democracy mulkin jama'a, autocracy mulkin mutum ɗaya, theocracy mulki da sunan addini, plutocracy na masu kuɗi, gerontocracy na tsofaffi, kleptocracy kuwa na ɓarayi, Allah ya kiyashe mu. Wutsiya ɗaya ta ba ka kalma shida. Saboda haka tambayar da zan yi wa kowane littafi ita ce: zai ba ni ma'ana kawai, ko zai nuna mini inda aka yi ɗinkin?

Wanda kowa ke fara miƙa wa hannu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, har wasu ɗalibai sun mai da sunansa "Okisfod" kawai. A. S. Hornby ne ya tsara shi, malamin Turanci a Japan, kuma kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fara fitar da shi a 1948. Bugu na 10 ya fito a 2020. Tun asali don waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare su aka yi shi, shi ya sa bayaninsa ba ya wahal da mutum, ga jimlolin misali, ga yadda ake furtawa. Abokin karawarsa Longman Dictionary of Contemporary English ya fito a 1978, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne duk bayanin cikinsa da kalmomi wajen 2,000 na yau da kullum aka rubuta shi. Ga ɗan ƙaramar sakandare, ko magidancin da ya koma karatun yaƙi da jahilci ya zarce, ni Longman nake ganin ya fi sauƙin haɗiya. Ga ɗan aji shida da na jami'a, ɗauki duk wanda ka samu na gaske cikin biyun, bambancinsu bai kai a yi musu a kai ba.

Sai dai dukkansu suna da nakasa ɗaya kan batunmu. Da harafin farko aka jera su. Idan kalmomin da kake nema kai suka haɗa, kamar international da intercontinental da interdependence, za ka tarar da su jere kamar sahun salla. Idan kuwa wutsiya suka haɗa, sun watse: insecticide tana wajen I, herbicide tana H, genocide tana G, ba abin da zai gaya maka 'yan ɗaki ɗaya ne, alhali cide ɗin nan kisa take nufi a dukkansu. Ba su kuma cika ɓata takarda kan asalin kalma ba.

Nan ne littafin saiwoyin kalmomi ke shigowa, wato mai koyar da guntayen nan da aka ɗinka kalmomi da su. Sanannen cikinsu shi ne Word Power Made Easy na Norman Lewis, tun 1949 yake yawo, ana samunsa har a gwanjon littattafai. Ba ƙamus ba ne, darussa ne: ya ɗauko likitoci, misali, ya nuna maka derma fata ce, cardio zuciya, neuro jijiya, sai ka wayi gari kana karanta allon asibiti ba tare da tambaya ba. Yana da araha a kan manyan ƙamusoshi. Aibinsa biyu. Misalansa na Amurkar da ce, wasu ba za su yi wa yaronmu ma'ana ba, sannan littafi ne mai son a zauna masa da biro kullum. Wanda ya saya ya ajiye a kan talabijin ya yi asarar kuɗinsa.

Akwai kuma tarko, kuma shi ne dalilin da ya sa ba zan ce a sayi littafin saiwa shi kaɗai ba. Haɗa haruffa ba haɗa jini ba ne. Madara da mage sun fara da "ma", amma ba wurin aiki ba ne. Haka coincide ta ƙare da cide ba tare da an kashe kowa ba. Mafi haɗari ita ce inflammable. Yaro ya koyi cewa in a farko tana kore ma'ana, kamar a incomplete, sai ya ga inflammable a jikin tankar mai ya ɗauka ba ta kama wuta. Ai ita ce mai saurin kamawar. Invaluable ma ba marar daraja ba ce, mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi ce. Saiwa za ta kai ka bakin ƙofa, ƙamus ne zai tabbatar maka gidan ne.

Ƙamusun Turanci zuwa Hausa fa? Na Neil Skinner na 1965 ƙarami ne, ya yi wa iyayenmu aiki. Na Roxana Ma Newman na 1990 ya fi shi faɗi da zurfi, sannan a 2020 Jami'ar Bayero ta buga wanda ita da Paul Newman suka haɗa, mai fuska biyu. Mai fassara da ɗan jarida ba su da makawa sai da ɗaya daga cikinsu. Amma kada ka saye su don farautar kalmomi masu haruffa 20, ba don haka aka yi su ba. Babban kundin Bargery na 1934 kuwa taskar Hausa ce, ƙarfinsa daga Hausa zuwa Turanci yake.

Idan wasa ne ya kawo ka, lissafin ya sauya. 'Yan Najeriya ba baya ba ne a Scrabble, wasan jera haruffa a kan allo a haɗa kalmomi. Wellington Jighere ya ci kofin duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Abin da 'yan gasa ke riƙewa shi ne Collins Scrabble Words, jerin kalmomi daga masu harafi 2 zuwa 15, don allon wasan gida 15 ne a kowane gefe. Ka lura da kyau: jeri ne tsura, babu ma'ana. Na ga wanda ya saya wa 'yarsa don jarrabawa saboda ya fi sauran kauri.

Abin da takarda ta kasa, waya ta iya. A shafin OneLook, in ka sa alamar tauraro sannan ka rubuta cracy, zai zubo maka duk kalmomin da suka ƙare da ita, alamar tambaya kuma tana tsayawa a madadin harafi ɗaya. Kyauta ne, sai dai yana cin data, kuma yana kwaso har da tarkacen da ba mai amfani da su. Manhajar Merriam-Webster tana ba da asalin kalma, amma rubutun Amurka take bi, color maimakon colour, makarantunmu kuwa na Ingila suka gada. Sannan uba ya san halin waya a hannun yaro: a shiga neman kalma a ɓulle a TikTok.

Ranar saye kada ka yi sauri, jabu sun yi yawa. Na taɓa sayen wani a gefen titi, bango fes, mai shagon yana ta "Alhaji, wallahi orijina ne". Sai da na je gida neman wata kalma na ga daga tsakiyar M an tsallaka zuwa O, shafukan L kuma an maimaita su sau biyu. Yanzu nakan buɗe wuri uku ko huɗu in bi lambobin shafi, in ɗaga takardar ga haske in ga ko rubutun baya yana ratsowa, in ja tsakiyar a hankali in ji ko gam ɗin zai saki. Sannan in nemi inflammable in karanta bayanin a tsaye. In na gane ba tare da neman wata kalmar ba, ya yi.

Kada kuma ka auna ƙamus da kalmar nan mai haruffa 45, pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, wai sunan ciwon huhu daga shaƙar ƙura. Masu wasan ƙwaƙwalwa ne suka ƙirƙire ta a Amurka a 1935 don ta yi tsawo, likitoci silicosis suke cewa. Rashinta a littafi ba aibi ba ne.

Da ni ne da kuɗin littafi ɗaya, Oxford ko Longman na gaske zan ɗauka, ko da tsohon bugu ne na hannu, in haɗa da littafin rubutu mai shafi 60 wanda yaro zai ware wa kowace wutsiya shafinta. In an samu canji wata mai zuwa, sai a ƙaro na Lewis.