Telen da na saya saboda idon Inna, bayan wata biyar

Ba don ƙwallo na sayi wannan tele ba, ko da yake yara haka suka ɗauka. Saboda Inna ne. Shekara uku ke nan idonta yana raguwa, kuma ƙanwata tana aure a Tamanrasset, can kudancin Aljeriya. Duk sati sai ta turo bidiyon yaranta ta WhatsApp. Ni kuwa sai in miƙa wa Inna waya, ta kawo ta kusa da hanci, ta nisanta, ta karkata ta wajen hasken ƙofa, daga ƙarshe ta ce: "To, ai na ji muryarsu, Allah ya raya." Wannan maganar ce take tsaya mini a rai. Jikokinta ne, ba ta taɓa ɗaukar ƙaramin cikinsu ba, ga shi fuskarsa ma ta gagare ta gani.

Wani abokin aikina a kolejin da nake koyarwa ne ya ce mini akwai telen da abin da ke cikin waya yake fitowa a kansa ba tare da igiya ba. Da albashi ya shigo na ƙara da ɗan abin da na tara, na nufi layin masu kayan wuta da ke kusa da kasuwar Dole, a nan Damagaram. Shago uku na shiga. A biyun farko da na tambaya ko zai haɗu da wayata, amsar ɗaya ce: "Zai yi, Mushe, simat ne," wato mai shiga intanet. Da na ce a gwada sai aka ce kwalin a rufe yake. A na ukun ne Alhajin shagon ya ƙwala wa yaronsa kira, ya ce ya kunna wanda ke rataye a bango, irinsa ɗaya da na cikin kwali. Yaron ya karɓi wayata, ya ja saman gilashin zuwa ƙasa, ya taɓa wata alama, kafin in gama gyara zama sai ga hoton ɗiyata ya cika bango. Nan na tsaya. Mun daidaita a jaka 135, inci 43, har da ƙarfen ratayewa, da alkawarin yaron zai biyo ni gida ya haɗa. Ya cika alkawari, bayan la'asar muka ɗora kwalin a adaidaita zuwa Birni.

Abin da ya sa nake yaba wa shagon nan ba farashi ba ne, don na san da na ƙara zagayawa wataƙila in rage jaka biyar. Bayanin da yaron ya zauna ya yi mini ne, kuma shi nake so duk mai niyyar saye ya riƙe, don shi ne zai raba ka da ɓarnar kuɗi. Hanyar haɗa waya da tele iri biyu ce, mutane kuwa suna haɗa su su kira da suna ɗaya.

Ta farko ita ce turawa. Ka buɗe YouTube a waya, ka taɓa alamar nan mai kama da ɗan akwati da baka-baka a kusurwa, ka zaɓi sunan telenka. A nan wayar ba ita ke aika hoton ba. Aike kawai take yi, ta ce wa tele je ka ɗauko bidiyo kaza, shi kuma ya shiga intanet da kansa ya jawo. Shi ya sa kana iya amsa kira, ko ka sa wayar a aljihu ka tafi masallaci, bidiyo na ci gaba. Sharaɗinta shi ne waya da tele su kasance a kan wifi ɗaya. Daren farko na yi kusan rabin awa ina neman sunan telen bai fito ba, ashe wayata ta sauka daga wifin gida ta koma kan megan layinta. In hakan ta ƙi, YouTube yana da wata ƙofar: tele ya nuna lambobi, ka rubuta su a cikin saitin wayar, su haɗu ko da ba a wifi ɗaya suke ba.

Ta biyu ita ce wadda ni nake kira madubi. Duk abin da ke gilashin wayarka shi ne ke fitowa a tele, ka matsa ya matsa, ka juya ya juya. Sunan wannan tsari Miracast, tun 2012 aka fito da shi. A wayar Samsung an rubuta Smart View, a wasu kuma Cast, in wayar tana Faransanci ka nemi Caster ko Diffusion. Abin da ya burge ni da shi: waya da tele kai-tsaye suke magana da juna, ba sa bi ta intanet, ba sa ma buƙatar akwatin wifi. Bidiyon da ya riga ya sauka a wayarka, ko wanda maƙwabci ya ba ka ta Xender, za ka kalle shi a babban gilashi ba tare da an ci maka mega ko ɗaya ba. A garin da kowa ke lissafin forfe, wato megan intanet da ake saye, kamar yadda ake lissafin jarkar ruwa a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da madubin ne Inna ta ga jikanta. Ba zan manta ba, bayan isha'i ne, tana zaune a tabarma, na buɗe bidiyon da yaron yake koyon tafiya yana dafa bango. Ta yi shiru har ya ƙare. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, don ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana: "Kai, maido shi." Sau huɗu na maido. A na huɗun ta ce goshin marigayi Baba ne da shi sak, ta sa bakin zane ta share ido. Tun daga ranar ba ta ƙara cewa ta ji murya ya isa ba. Da salla yara suka je ƙofar fada suka ɗauko hawan ƙaho da waya, suka kawo mata har ɗaki, ta zauna tana nuna mana inda take tsayawa da ƙawayenta lokacin tana budurwa.

Yanzu sai aibu, don akwai, kuma wanda zai fitar da kuɗi irin wannan ya cancanci a gaya masa.

Babban abin da ya ƙona mini rai shi ne cin mega, kuma ta hanyar turawa yake zuwa. Forfen da ke kai mu kusan wata a akwatin wifi, cikin kwana biyar ya ƙare. Na koma shagon ina faɗa, yaron ya ce: "Mushe, ba sata aka yi maka ba, tele ne mai son kyau." Ashe in rezo na da ƙarfi, telen da kansa yake zaɓar hoto mafi tsabta, wato 1080, alhali a waya 360 ko 480 muke kallo ba mu damu ba. Hoton 1080 ɗigo sama da miliyan 2 ne a gilashi, na 480 kuwa bai wuce dubu 410 ba, ninki biyar ke nan. Ga yara sun bar bidiyo na bin bidiyo ko ba kowa a ɗakin. Maganin shi ne a shiga saitin bidiyon a mayar da shi 480, a kashe abin da ke kunna na gaba da kansa. A inci 43, in kana zaune taku huɗu daga bango, 480 ya wadatar, musamman wa'azi ko labarai. Abin haushin shi ne a namu sau da yawa sai an sake zaɓa, ba ya riƙewa. Wannan bayanin da tun ranar saye ya kamata a yi mini, kuma na gaya wa Alhajin haka a gaban yaronsa. Bai musa ba.

Madubi ma yana da nasa. Na ɗaya, ba ya rufa asiri. Wata rana surukaina sun zo gaisuwa, muna kallon bidiyon suna, sai ga saƙon wani ɗan'uwa ya faɗo a saman gilashi, yana neman rance saboda rashin lafiyar matarsa, sunansa da farkon maganarsa ɓaro-ɓaro kowa na gani. Ba ni na ji kunya ba kamar yadda na ji masa. Tun daga nan kafin in haɗa sai na kunna alamar nan da ke hana saƙonni fitowa. Don Allah duk wanda zai yi madubi a gaban mutane ya fara da wannan.

Na biyu, wayar tana zafi kuma batir na zuba, don ita ke yin aikin gaba ɗaya. A lokacin bazara, da zafin Damagaram ya haura digiri 40, bayan minti arba'in sai ka ji ta kamar an ɗauko daga bakin murhu, hoto ya fara tsinkewa. Na koyi cire mata riga in ajiye ta a kan siminti. Na uku, bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye tsakiyar gilashi kawai yake cikawa, dama da hagu baƙi. Na roƙi ƙanwata ta riƙa kwantar da wayar in za ta ɗauki yara, yanzu ta saba. Akwai kuma ɗan jinkiri tsakanin waya da tele, bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ga kallo ba ya damu, ga masu wasan ƙwallo na waya kuwa ɗana ya ce ba ya yiwuwa. Manhajojin fina-finai na kuɗi kuma wasunsu suna toshe madubi da gangan don hana kwafa, sai ka ji sauti gilashi baƙi ƙirin. Ba telenka ne ya lalace ba.

Kiran bidiyo sai da muka yi dabara. Fuskar ƙanwata tana fitowa babba a bango, amma ita da idon wayar take ganin mu. Inna na kallon tele, ita kuma tana ganin gefen kunnen Inna da rufin ɗaki. Sai na kafa ɗan katako a ƙarƙashin telen na jingina wayar a kai, yanzu in Inna ta dubi bango kamar ido cikin ido suke. Muryar kiran a wayarmu take tsayawa, ba ta hawa tele, shi ya sa nake ƙure sautin wayar.

Maganar gini kuma. Gidanmu irin na Birni ne na da, bangon ƙasa mai kauri, kamu biyu a wani wurin. Akwatin wifi yana fitar da zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi ratsawa ya kai nesa. Telenmu 2.4 kawai yake kamawa, kuma da akwatin yana ɗakina can ƙuryar gida, bidiyo sai ya yi ta tsayawa yana zagaye. Da muka maido shi falo muka ɗora a kan kabad, magana ta ƙare. Abin da har yau bai gyaru ba shi ne in wuta ta ɗauke ta dawo: tele yana riga akwatin tashi, ya nemi wifi bai samu ba, ya haƙura, sai ka ɗauki rimot ka haɗa da hannu. Inna ba za ta iya wannan ba, dole sai da yaro a kusa. Na'urar daidaita wuta kuwa kada ka yi wasa da ita, ka sa ta cikin lissafin kuɗinka tun farko. Ni jaka 15 na ƙara.

Sautin telen siriri ne, na yarda. In fanka na juyawa sai an kai shi kusan ƙarshe. Rimot ɗin ma roba ce marar nauyi, maɓallin komawa baya ya fara nutsewa tun wata na uku.

Ɗan ƙanena ya zo hutu daga Yamai da iPhone, ya yi ta ƙoƙari bai ga telen ba a wajen madubi. Wayoyin Apple ba sa amfani da Miracast, nasu tsarin AirPlay ne, kuma sai telen da aka gina masa shi, irin wasu na Samsung da LG da Sony na 'yan shekarun nan. YouTube dai ya tura lafiya lau. Haka kuma ba kowane tele mai suna simat ne ke da Miracast ba, wasu madubinsu sai ya bi ta akwatin wifi. Shi ya sa nake cewa kada ka yarda da "zai yi". Je da wayar da za ka yi amfani da ita a gida, ka sa a gwada a gabanka, hanya biyun duka, ka ce a kashe wifin shagon ka ga ko madubin zai tsaya da ƙafarsa. Mai tsohon tele da ke da ƙofar HDMI kuma ba dole ya sayi sabo ba, akwai 'yan sandunan da ake soka wa a baya. Sai dai ka sani ɗaya daga cikinsu, Chromecast, wanda Google ya fito da shi a 2013, kamfanin ya sanar da daina ƙera shi a watan Agusta na 2024, kuma kasuwa cike take da masu kama da shi. A nan ma gwaji ne zai raba gardama.

In aka ce in ba da maki kamar yadda nake ba ɗalibaina, telen 14 bisa 20, shagon 16, kuma maki biyu daga ciki na yaron ne, wanda sau biyu ya zo Birni a kan babur ɗinsa bai karɓi ko dala ba sai kuɗin mai da na tilasta masa. Azumin da ke tafe na riga na fara tara karatun tafsiri a waya, ina saukewa kaɗan-kaɗan cikin dare, don Inna ta ce bana so take ta riƙa ganin malamin yana karatu, ba jin sa kawai a rediyo ba.