Inshorar mota mai arha a Saudiyya: abin da aka nuna min da abin da na biya

Shekara guda ke nan da na sayi inshorar motata ta wata manhajar waya mai jero farashin kamfanoni, kuma a cikin shekarar har hatsari na yi, don haka yanzu ina da bakin faɗar yadda na same ta. Ina zaune a Makka, wajen Shari Mansur, aikina kuma a Jidda yake. Safe da yamma ina kan babbar hanyar nan da tsohuwar Corolla ƙirar 2015.

A ƙasar nan ta'min, wato inshora, dole ne. Ba ka sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, a Absher, manhajar hidimomin gwamnati, sai kana da shi, kana kuma da takardar fahas, wato ta gwajin lafiyar mota. Tun 1 ga Oktoban 2023 ma na'ura ce ke zaƙulo motar da ba ta da shi, duk kwana 15 a rubuta wa mai ita tara, ko bai haɗu da ɗan murur, wato ɗan sandan hanya, ba. A da mutanenmu da yawa sai istimara ta zo ƙarewa suke tunawa da ta'min, yanzu kam babu wannan damar.

Ita manhajar, gaskiya ta sauƙaƙa min. Na sa lambar iƙama, wato katin izinin zama, da lambar da ke jikin istimara, da adireshina na ƙasa, kafin shayina ya huce kamfanoni sun jeru, kowa da farashinsa. Wanda ya taɓa yawo ofis-ofis a zafin Jidda zai san darajar wannan.

Ta'min iri biyu ne. Akwai didda gairi, wanda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, rai ko dukiya, har riyal miliyan 10, amma motarka ko kwabo ba ta samu. Akwai kuma shamil, mai haɗawa da taka motar. Na farkon an nuna min riyal 800, shamil mafi arha kuma 1,480. Da na nuna wa kawuna, wanda ya fi shekara talatin yana tuƙi a ƙasar nan, cewa ya yi: "Ɗana, motar da ta tsufa haka me za ka yi da shamil? Ka sayi na doka ka huta." Na ce, "Kawu, ka manta ruwan Nuwamban 2022?" Ya yi shiru. Ranar da idona na ga motoci sun hau kan juna a titunan Jidda kamar an zubar da ashana, har hanyar Makka sai da aka rufe. Wani abokin aikina da didda gairi kawai yake da shi, har yau bai sake yin mota ba. Ni kuwa da motar nan nake ciyar da gidana.

Sai na danna 1,480 ɗin nan, daga nan lissafi ya fara canzawa.

A ƙarƙashin farashin akwai wani ɗan layi da ƙananan haruffa: tahammul, riyal 3,000. Tahammul shi ne kuɗin da za ka fara biya daga aljihunka idan laifin hatsarin naka ne, sannan kamfani ya cika sauran. Ke nan duk gyaran da bai kai 3,000 ba ni kaɗai zan ɗauka, alhali yawancin abin da ke samun mota a cunkoson gari bai wuce bamba da fitila ba. Wannan ne ya fi ɓata min rai, domin an sa lambar da ke jan ido da girma, an ɓoye wadda za ta ci mutum ranar da yake cikin tashin hankali. Mutanenmu da yawa suna jin Larabci a baki amma karatunsa na musu wuya, irin su ne ke faɗawa wannan rami. Na rage tahammul zuwa 1,500, nan take farashi ya koma 1,790.

Shafi na gaba ya zo da ƙare-ƙare. Ashe shamil, duk da sunansa, bai haɗa da raunin direba ba sai ka biya, na biya 60. Fasinjoji ma haka, 150, kuma ba zan ɗauki iyalina zuwa Madina in bar su a tsirara ba. Akwai taimakon kan hanya, da motar aro idan taka tana gareji, da faɗaɗa ta'min zuwa sauran ƙasashen yankin Gulf, duk na tsallake. Na gwada sa ɗana mai shekara 20 a matsayin direba na biyu, kuɗin ya yi tashin da ya sa na cire shi, na kuma hana shi taɓa makullin. An kai 2,000. A shafin biya sai ga dariba, harajin nan na kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, riyal 300. Haraji na gwamnati ne, ban ga laifin kowa a kansa ba, amma me ya hana a haɗa shi tun a jerin farko? Abin da ya fita daga katina 2,300 ne, wato 820 sama da abin da ya jawo ni.

Wani ya ba ni shawarar in rubuta ƙimar motar ƙasa da yadda take don farashi ya sauka. Na ƙi, domin idan ta lalace gaba ɗaya a kan abin da ka rubuta za a biya ka.

Cikin azumi, dab da magariba, na daki bayan wata motar ɗaukar kaya a Jidda. Ina kallon fitilarta ta yi ja, ƙafata ta makara. Muka ɗauki hotuna, na kai rahoto ta manhajar Najm, kamfanin da ke duba hatsarin motoci masu inshora, ma'aikacinsu ya zo ya duba ya rubuta laifi ɗari bisa ɗari a kaina, kuma gaskiya ya rubuta. Mai motar, wani dattijo ɗan Sudan, shi ya miƙo min dabino muka sha ruwa a bakin titi. Gyaran motarsa kamfanin ya ɗauka, ban ba da ko sisi ba, kuma wannan kaɗai ya sauke min nauyi a zuciya.

Tawa aka kai Taqdeer, cibiyar ƙiyasta ɓarnar mota, suka ƙiyasta gyara 3,400. Na biya 1,500, kamfani ya cika 1,900. Da na bar tahammul yadda na gan shi, 3,000 zan nemo ana saura kwana goma Sallah, su kuma su ba da 400. Gareji suka tura ni, ba wakilin Toyota ba, wanda dama haka takardata ta ce, aikin kuma ya yi kyau, fentin bai bambanta ba. Inda suka gaza shi ne waya. Sau huɗu ina kira kafin a amince da fara gyara, kowane kira sai na maimaita labarin tun daga farko ga sabon mutum. Kwana 12 motar ta yi a can, ina biyan motar haya tsakanin Makka da Jidda, ina tuna zaɓin motar aro da na tsallake.

Makon jiya na sabunta. Rangwamen rashin hatsari da na tara shekaru ya ragu, farashi ya hau. Na sake buɗe manhajar, amma wannan karon sai da na bi kamfanoni uku har shafin biya, tahammul ɗaya, ƙare-ƙare iri ɗaya, na rubuta jimillar kowanne a takarda. Wanda ke saman jeri shi ya zo na biyu. Na koma wani kamfanin saboda wahalar wayar nan, na bar tahammul a 1,500, na ƙara motar aro. Kawu yana nan a kan didda gairinsa, sai dai ya ce in zo ranar Juma'a bayan la'asar in duba masa nasa kafin ya biya.