Zorki 4 a Maradi: kamara da arha, fim da tsada

Wanda ke son gwada ɗaukar hoto da fim ba tare da ya taɓa jarinsa ba, Zorki 4 za ta yi masa. Tawa ta hannu ce, wani ɗan kasuwa ya riƙo mini daga Kano, kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Ƙirar Tarayyar Sobiyat ce. Masana'antar KMZ ta yi ta fitar da ita daga 1956 zuwa 1973, sama da miliyan ɗaya da rabi, shi ya sa har yau ba ta da tsada. Ƙarfe ce zalla, ga nauyi, ba batir, ba na'urar auna haske.

Saita nisa shi ne daɗinta. In ka leƙa 'yar tagar da ake duba abin ɗauka ta cikinta, a tsakiya akwai ɗan tabo inda abin da kake kallo ya rabu biyu. Sai ka yi ta murza gilashin gaba har su haɗe, ka danna. A bakin babbar kasuwa na gwada da wani mai tallan goro, bayan na nemi izininsa: gefen farantinsa ya rabu, na murza ya haɗe, hoton kuwa ya fito har da raɓar da ke jikin goron. Gilashin Jupiter-8 ne, mai milimita 50, kuma fuskar mutum yana fitar da ita da laushi.

Rashin na'urar auna haske bai dame ni ba, don ranar garin nan ba ta wasa. Da fim mai lamba 100 (ma'aunin saurin kama haskensa), ka sa faɗin ƙofar hasken gilashin a f/16 da saurin ɗauka a 1/125 na daƙiƙa, shi ke nan. Lokacin hunturu in hazo ya rufe gari, ka buɗe zuwa f/11 ko f/8.

Amma ranar ce kuma maƙiyiyarta. Labulen da ke buɗe wa haske hanya a ciki na yadi ne, in ka bar gilashin yana kallon rana ba murfi, sai ya huda shi kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau. Murfin ma da nasa tarkon: ba ta gilashin kake leƙe ba, kana iya ƙare fim da shi a rufe ba ka sani ba. Sannan kada ka canza sauri sai ka ɗana ta tukuna, wato ka murza fim gaba, in ba haka ba injin ya cije. Tura fim gaba kuwa da ɗan maɓallin murzawa ne, yatsa na jin jiki.

Inda aljihu ke kuka shi ne fim. Nadi guda hoto 36 ne kawai, saƙo shi nake yi, kuma firji ne mazauninsa saboda zafi. Masu shagon hoton da na tambaya duk sun koma dijital, wani dattijo ma dariya ya yi: "Yaro, wa ke wanke wannan yanzu?" Dole na koma baƙi da fari, fim ɗin Fomapan 100, ina wankewa a gida da maganin wanke fim mai suna Rodinal. Maganin digiri 20 yake so, ruwan famfonmu kuwa a watan Afrilu kamar an ɗora shi a wuta, sai da ƙanƙara.

Mai ɗaukar biki don neman abinci ya riƙe dijital ɗinsa. Mai sha'awa kuma, kafin ya biya, ya cire bayan kamarar da gilashin, ya ɗaga labulen wajen haske ya duba ko da huji.